Tarko Mai Saiwa

Ɗan ƙanwata ne ya miƙo mini wayarsa wani dare bayan sallar lisha, ya ce, "Kawu, zo ka ga mutanen da suka san darajar dabba." Bidiyo ne daga Amurka. Wani Bature cikin kaya masu launin ganye yana bisa tarakta, yana kaftar wani ɗan fili a tsakiyar kurmi. Ya watsa wani farin gari, ya watsa taki, ya zuba iri, ya bi da wani ƙarfe mai nauyi ya danne. Sai aka tsallake wata biyu. Fili ya yi kore shar, ga bareyi sun fito da almuru suna kiwo hankali kwance. Yaron ya ce, "Ka gani ko, Kawu? Har gona suke noma wa barewa. Mu kuwa mun cinye namu, ko zomo sai an sha wuya."

Na ce masa ya bari mu kai ƙarshe. A ƙarshen sai ga Baturen cikin wata ƴar bukka mai dogayen ƙafafu a bakin gonar, yana zaune bisa kujera mai laushi, ga kofin shayi a gefe. Ya tura ƴar taga, ya ɗora bakin bindiga. Ƙara ɗaya. Daga nan sai hotonsa a tsugune, ya riƙe ƙahon dabbar da hannu biyu yana washe baki.

Yaron ya yi gaskiya a kan rabin maganarsa: mun cinye namu. Amma ɗaya rabin ne ya hana ni barci, domin ba shi kaɗai nake jin yana faɗa ba. Na ji ta a bakin masu boko, har da waɗanda suka karanci aikin gandun daji, cewa wai wannan gona alama ce ta tausayi da wayewa, kuma da mu ma za mu koya da dajinmu ya farfaɗo. Ni kuwa na ce wannan gona tarko ce. Bambancinta da tarkon da muka sani shi ne ita tana da saiwa, ana ba ta taki, kuma doka ta sa mata albarka.

Bari in fara da dabbar, don kada mu yi ta gardama kan abin da ba mu gani ba. Ba barewarmu ba ce ta Azbin ko ta Tadaras. Ta fi ta jiki nesa ba kusa ba, namiji babba yakan fi ƙaton rago nauyi. Ƙarƙashin wutsiyarta fari ne, in ta firgita sai ta ɗaga shi kamar tuta, shi ya sa ake ce mata mai farar wutsiya. Namiji ne kaɗai ke da ƙaho, ƙahon kuma mai rassa ne kamar busasshen reshe. Abin mamaki, duk shekara yana faɗuwa cikin hunturu, wani sabo ya tsiro da bazara. Girman wannan ƙaho ya dogara ga shekarun dabbar, da jininta, da abin da ta ci. Ku riƙe wannan na ƙarshen, don a kansa aka gina kasuwa guda.

Ga yadda ake aikin. Mai fili yana ɗibar ƙasa daga wurare daban-daban, ya haɗa a ƴar jaka, ya aika ɗakin gwaji, sau da yawa na jami'ar jiharsa. Su aiko masa da takarda: ƙasarka tsaminta kaza, tana neman sinadari kaza. Ƙasar kurmi a gabashi da kudancin Amurka takan yi tsami, kuma in ba a kashe tsamin ba taki asara ne, shuka ba ta iya jansa. Farin garin nan da muka gani a bidiyo niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa ne, ana zuba tan ɗaya ko biyu ko fiye a eka guda har ma'aunin tsami ya matso kusan 6.5. Sannan a fesa maganin ciyawa, a jira ta ƙone, a kafta ko a shuka kai tsaye bisa matacciyar ciyawar. Ina tambaya, ba don neman tausayi ba: manoman gero nawa ne tsakanin Maradi da Damagaram suka taɓa riƙe takardar gwajin ƙasar gonar da suke ci da ita?

Gonar iri biyu ce. Akwai ta lokacin zafi, wadda ake so ta ba namiji abincin gina ƙaho, ta ba mace nono. A nan ake shuka waken soya da sauran dangin wake, don masana sun ce abincin da ke da furotin wajen kashi 16 cikin 100 shi ne ke kai ƙaho iyakar girmansa. Akwai kuma ta kaka da hunturu, wadda ake auna lokacin shukarta don ta yi kyau daidai da buɗe farauta: alkama da danginta, da wata ciyawa mai ganye uku dangin wake da suke kira kuloba, da wasu ganyaye dangin kabeji masu saiwa kamar dankali, waɗanda mafarauta ke cewa barewa ta fi son su bayan sanyi ya dake su. Wasu sukan kafa ɗan keji na waya a tsakiyar gonar, inda baki ba ya kaiwa, don su gwada tsawon shukar ciki da ta waje su san yawan abin da aka cinye. Aiki ne na ilimi, ban musa ba.

To amma saurari sunan da su da kansu suka raɗa wa ƙaramar gonar. Babba, wadda ke tsakiyar fili, ita ce wurin da dabba ke zuwa ta ƙoshi cikin dare. Ƙaramar kuwa, rubu'in eka ko rabi, wadda ake ɓoyewa cikin kurmi tsakanin makwancin barewa da babbar gona, sunanta a bakinsu gonar kisa. Ba ni na ƙirƙira ba, haka suke kiranta a mujallunsu da shirye-shiryensu na talabijin. Ana tsara siffarta yadda duk inda dabba ta tsaya harsashi ko kibiya za su kai. Ana duba inda iska ta saba kaɗawa kafin a kafa bukka, don kada ƙanshin mutum ya isa hancin dabba. Ana share wata ɓoyayyiyar hanya da maharbi zai bi ya shiga ba motsi. Wasu har suna kewaye gonar da wayar lantarki, su hana barewa shiga wata da watanni. In ka tambaya sai su ce don shuka ta yi ƙarfi ne kafin a fara cinta. Da gaskiyarsu. Amma ka duba ranar da da yawansu ke kwance wayar, ka duba ranar da ake buɗe farauta a kalanda. Mai ciyarwa don tausayi ba ya kulle rumbu sai ranar da ya wasa wuƙa.

Sai kyamarori. Ana ɗaure su a jikin itatuwa, duk abin da ya gifta su ɗauka, sababbin ma suna aika hoton kai tsaye zuwa wayar mai gona yana zaune a ofis a birni. Ya san kowane namiji da fuskarsa da rassan ƙahonsa. Yakan ba su sunaye. Yakan ce wannan shekararsa uku, a bar shi ya ƙara biyu. Wancan ya kai, bana ne nasa. Jama'a, mutumin da ya san dabba da suna, ya ciyar da ita, ya ƙidaya shekarunta, ya sa mata ranar mutuwa, me muke kiransa a Hausa? Mai kiwo. Abin da matan gidanmu ke yi da ragon layya ke nan, sai dai su ba su taɓa rataye ƙahon a bango suna cewa sun yi jarumta ba. Abin ya kai har hukumar namun daji ta jihar Arizona ta hana amfani da irin waɗannan kyamarori wajen farauta daga shekarar 2022.

Wani abu da ya ba ni dariya da takaici a lokaci guda shi ne irin da aka fi yabo a gonakin zafi na kudancin Amurka. Wake ne. Wakenmu, wanda muke yin ƙosai da alala da shi, wanda harawarsa ke riƙe mana tumaki da rani. Daga Afirka ya tsallaka teku a zamanin cinikin bayi, kuma har yau ba ƙasar da ta kai Najeriya da Nijar noma shi a duniya. Suna son sa don dalilin da muke son sa: yana jure fari, yana yi a ƙasa maras ƙarfi, ganyensa na gina jiki. Har dawa sukan haɗa masa don ya sami abin hawa, kamar yadda kakanninmu ke yi. Kada wani ya zaci zan ce a kwaso waken a kawo mana. Wannan maganar raggwaye ce. Ƙasarsu ce, kuɗinsu ne, kuma yunwarmu ba barewar Alabama ce ta jawo ta ba. Na kawo zancen ne don mu gane abin da muke kallo. Ba wani sihirin Turawa a ciki. Gonar wake ce, da mutum a laɓe a bakinta.

Yanzu ga inda munafuncin yake. A jihohi da dama, kamar Minesota, haramun ne ka zuba tulin masara a daji ka zauna kusa da shi da bindiga. In jami'i ya kama ka akwai tara, har bindigar ana iya ƙwacewa. Dalili? An ce yaudara ce, ba farauta ba. Amma a wannan jihar dai, in ka shuka masarar a wurin, ka bar ta a tsaye, ka zauna a inda za ka zauna da can, ba ka yi laifin komai ba. Masara ɗaya, barewa ɗaya, bindiga ɗaya. Wanda ya ɗauko buhu a kafaɗa mai laifi ne, wanda ya zo da tarakta mai kishin namun daji ne. Wa ke da buhu, wa ke da tarakta? Ban ce da gangan aka rubuta dokar don a fifita mai kuɗi ba, amma abin da ta haifar ke nan. Ni na fi ganin mutuncin jihar Teksas a wannan fanni, inda suka bar kunya gefe: injin watsa masara ne ake kafawa, mai agogo, ya yi ƙara safe da yamma, bareyi su sheƙo kamar kaji sun ji ana kaɗa ƙwarya. Alabama ma ta bi sahu a 2019, ta ce ka biya kuɗin wani lasisi na musamman ka zuba abincinka. Aƙalla su ba su ce mana ibada suke yi ba.

Kuma ba baƙo ne ya kawo musu ƙa'idar da suke takewa ba, tasu ce. A 1887 Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa ƙungiyar mafarauta ta Boone and Crockett, wadda ta yi suna wajen kare aƙidar cewa dole a bar wa dabba damar tsira, in ba haka ba abin ba farauta ba ne. A 1902, yana shugaban ƙasa, ya je farautar wata dabba mai kama da katon kare mai gashi, wadda suke kira beya, a jihar Misisipi. Kwanaki ba sa'a. Masu yi masa jagora suka kama ɗaya, suka ɗaure ta a jikin itace, suka kira shi ya harba. Ya ƙi. Dabbar dai ba ta tsira ba, don ta riga ta jikkata, aka ƙarasa ta da wuƙa, amma shi bai yarda a ce ya farauto ta ba. Daga wannan labari ne aka samo ƴar tsanar nan mai laushi da yara ke runguma. To ina bambancin igiyar da aka ɗaure waccan da ita da gonar da aka saba wa barewa da ita tun tana bin uwarta? Ɗaya a wuya take, ɗaya a ciki.

Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Maharbin da na sani ina yaro yakan bar gida kafin asuba da gorar ruwa da ɗan guzuri. Yana karanta sawu kamar yadda malami ke karanta allo: wannan na jiya ne, wannan na ɗazu ne, wannan tana ɗingishi. Yana iya kwana uku ya dawo da rataya wayam, ba wanda zai yi masa dariya, don kowa ya san daji ba rumbun kowa ba ne. Za a ce mini, ai maharbanku ma suna yin kwanto a bakin tafki da rani. Suna yi. Amma ba su suka haƙa tafkin ba, ba su da ikon buɗe shi ko rufe shi, kuma duk maharbin da ke garin yana da hakkin zama a bakinsa. Sannan ban zo nan don in wanke namu ba. Farautar gayya da karnuka da kulake da cinna wa daji wuta, wadda ba ta barin mai ciki ba ta barin ɗan tsako, ita ma ɓarna ce, kuma zan dawo kanta.

Babbar hujjar masu gonar ita ce wai su ne suka ceto barewa. Wannan ƙarya ce da tarihi ke iya kamawa da hannu. Wajen shekarar 1900, bayan an yi ta kashe ta don sayar da nama da fata a birane, ƙiyasin da ake yi shi ne abin da ya rage a duk Amurka bai wuce 500,000 ba. Yau ana maganar wajen miliyan 30. Me ya faru a tsakani? A 1900 aka yi dokar Lacey, wadda ta hana tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, ta karya ƙashin bayan kasuwar. Jihohi suka sa lokacin buɗewa da rufewa, suka ƙayyade yawan da mutum zai kashe, suka hana taɓa mata, suka ɗauki jami'ai masu albashi da ikon kamawa. A 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta ce harajin da ake karɓa kan bindigogin farauta da harsashi, kashi 11 cikin 100, a mayar da shi ga hukumomin namun daji na jihohi. Da irin wannan kuɗi aka riƙa kama bareyi da rai daga inda suka rage ana kai su inda suka ƙare. Ga kuma gonakin da manoma suka bari suka koma birni, waɗanda suka sake zama kurmi, ga kyarketai da aka riga aka kashe. Kasuwar irin gonar barewa, da buhuna masu hoton ƙaton ƙaho a jiki, sai a ƙarshen shekarun 1980 ta kankama. A lokacin barewa ta riga ta cika ƙasa. Sun zo bayan an gama gini suna cewa su suka haƙa tushe.

Matsalar Amurka a yau ma ba ƙarancin barewa ba ce, yawanta ne. Duk shekara motoci sama da miliyan ɗaya ke karo da ita a kan hanya, mutanen da ke mutuwa ba su gaza 150 ba. A dazuzzuka da yawa na gabas ba ƙaramin itacen da ke kai ga girma, ana tsirowa ake cinye shi, sai ka ga manyan itatuwa tsaye ba magada a ƙarƙashinsu. Kaskar da ke ɗauke da cutar Layim, wadda aka fara ganewa a wani gari mai wannan suna a jihar Konetikat a 1975, a jikin barewa manyanta ke shan jini su hayayyafa. A irin wannan hali, mutum ya tashi ya ƙara wa garke abinci mai sa mata haihuwar tagwaye, sannan ya ce yana gyara daji? Mai son gyara sai ya rage mata, don su ke haihuwa. Amma mace ba ta da ƙahon ratayewa a bango. Jihar Wiskonsin ta taɓa sa dokar cewa sai ka kashe maras ƙaho kafin a ba ka izinin namiji. Dokar ta yi aiki, ta rage garke, mafarauta kuwa suka tsane ta, suka yi ta matsa wa ƴan majalisa har aka soke ta a 2011.

Suna son ambaton Aldo Leopold, wanda ake ɗauka uban ilimin kula da namun daji a ƙasarsu, don a littafinsa na 1933 ya lissafa garma cikin kayan aikin da za a iya farfaɗo da namun daji da su. Haka ne. Amma sukan manta cewa mutumin nan ya je Jamus a 1935, ya ga dazuzzukan da aka cika da bareyi ana ciyar da su da hannu don manya su sami ƙahon ado, ya dawo yana gargaɗin ƴan ƙasarsa kada su bi wannan hanya. Ragowar rayuwarsa ya yi ta faɗa da mafarautan Wiskonsin ne kan a rage yawan barewa, suna zaginsa.

Sai cuta. Akwai wata da ke cin ƙwaƙwalwar barewa, ta rame, ta riƙa dalalar da miyau, ta daina tsoron mutum, ta mutu. An fara lura da ita a 1967 a wani wurin bincike a Kolorado, ta ɓulla a Wiskonsin a 2002, yanzu tana cikin jihohi sama da 30. Ba ƙwayar cuta irin wadda muka sani ke kawo ta ba, wani gurɓataccen furotin ne, ba magani, ba rigakafi, wadda ta kamu ba ta tashi. Yana fita ta miyau da fitsari da kashi, ya zauna cikin ƙasa shekara da shekaru. Da ta ɓulla a Nowe a 2016, hukuma ta kashe garke guda na wajen dabba 2,000 don ta tare ta. Saboda wannan cuta ne jihar Mishigan ta hana zuba abinci a duk yankinta na kudu daga 2019. Zan yi adalci: gona ba ta kai tulin masara haɗari ba, don a tuli baki bisa baki ake ci, a gona kuwa akwai ɗan tazara. Amma rubu'in eka da garke guda ke dawowa kullum, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, suna ci suna fitsari a wuri ɗaya, ba sai an kira likitan dabbobi ya faɗi abin da ke taruwa a ƙasar ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ƙarshe. A dokar Amurka naman daji ba na mai fili ba ne. Na jama'a ne, hukuma ke riƙe da shi amana. Da wannan suke alfahari a kan Turai, inda barewa ta kasance ta sarki da masu sarauta, talaka in ya taɓa ta ya gamu da hukunci mai tsanani. To mai gonar barewa bai canza dokar ba, bai kafa shinge ba, amma ya kai ga abin da shinge ke kaiwa. Ya jawo dabbar jama'a daga filin maƙwabcinsa da dajin gwamnati, ya zaunar da ita a nasa. Maƙwabci ya ga bareyi sun ɓace, shi ma ya sayi iri da taki. Na gaba ma haka. Mai sayar da iri ne kaɗai ba ya asara. A Teksas sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasa mallakar mutane ce, farauta kuwa sai ka yi hayar fili, kuma fili mai gona da hotunan manyan ƙahoni ya fi tsada. Ma'aikacin da ba shi da fili ba shi da kuɗin haya, wanda shi ma ya biya harajin harsashin nan, sai ya tafi dajin gwamnati ya yi ta zaman jiran abin da ke can yana cin waken wani.

Na san akwai dattijon da ƙafa ta gaza, wanda in ba a bakin gona ba ba zai sake ganin barewa ba. Na san harbi daga kusa, dabba tana tsaye, ya fi saurin kashewa, ya rage waɗanda ke gudu da rauni su mutu a ɓoye. Na san zomaye da tsuntsaye da ƙudan zuma suna amfana da kuloba, kuma da yawan mafarautan nan suna cin naman, wasu ma suna ba da shi sadaka ga masu buƙata. Duk na yarda. Wanda ya ce mini, ina noma nama ne don iyalina, hanya mafi sauƙi nake bi, ba ni da ja da shi. Ko a Risala, farautar da aka karhanta ita ce ta wasa, ba ta neman abinci ba. Rigimata da wanda ke auna ƙaho da inci ne, yana kiran kansa maharbi a gaban abokai, yana kiran kansa mai ceton daji a gaban hukuma, alhali shi mai kiwo ne da bai biya kuɗin dabbar ba.

Mu dawo gida, inda ɗan ƙanwata ya yi gaskiya. Mariri, wanda ya taɓa yawo garke-garke a sahel, an ayyana ya ƙare a daji a shekarar 2000. Sai daga 2016 aka fara dawo da shi Chadi daga waɗanda aka tsare a ƙasashen waje. A Tarmit, wadda aka mai da gandun da aka keɓe a 2012, masu ƙidaya sun bi ta sama da ƙasa a 2016 suna neman farar dabbar hamadar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks, suka ga uku. Uku rak. Ba yunwa ce ta kashe su ba. Mota mai taya huɗu masu ja ce da bindiga mai sarrafa kanta, da manyan baƙi masu shaho da takardar izini daga sama, da namu masu ganin duk abin da ya motsa a daji nama ne. Muna da dokar farauta tun 1998. A ƙasar da jami'in gandun daji guda ke tsaron filin da mota ke wuni ba ta ƙure shi ba, ka shuka wa bareyi gonar wake a wuri ɗaya, me ka yi? Ka rage wa ɓarawo kuɗin mai.

Kuma muna da namu misalin, ba sai mun tsallaka teku ba. A Kure, kilomita wajen 60 daga Yamai, raƙuman dawa 49 suka rage a 1996, su ne na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. Ba wanda ya noma musu komai. An hana kashe su, an tsaya a kan hanin, mutanen ƙauyuka suka haƙura suka zauna da su. Suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maradi. Su ma wake suke so. Suna shiga gonar talaka da dare su cinye shi, su haɗa da mangwaro, ya wayi gari ya ga sawu kamar faranti, ba shi da ikon ɗaga ko sanda. Ƙungiyoyi sun taimaka da rijiyoyi da ƙananan basussuka, masu yawon buɗe ido suna kawo ɗan abin da suke kawowa, har harin watan Agusta na 2020 ya kashe mutum takwas a wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa. Raƙuman dawa ba su ɗauke tasu ba. Wannan manomi shi ne mutumin da na sani da ke ciyar da naman daji da waken gonarsa ba da niyyar harbi ba, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarsa bidiyo da kiɗa a baya. Duk mai kuɗin da ke sha'awar sayen iri da taki don dabbar daji, ya je Kure bayan girbi, ya tambayi mai gari waɗanda aka yi wa ɓarna bana, ya auna musu waken da tiya.